Madara Ba Ta Wanke Gubar Tina

Na gaji da ganin masu feshin fentin mota da kafintoci suna wuni cikin warin tina, da yamma su kwankwaɗi gwangwanin madara wai ta wanke musu ƙirji. Wa ya koya mana wannan?

Tina, sholisho da fentin mai suna ɗauke da sinadarai irin su toluene da xylene, masu narkar da abu sannan su bi iska. Masu ƙiyasin gurɓatar iska ma da haka suke lissafi: su duba yawan kayan da aka sayar, su ware kason sinadarin da ke ciki, su ɗauka kusan dukkansa ya tashi sama. Ke nan galan ɗin tinar da ya ƙare a shagonka, iskar da kai da yaranka kuke shaƙa ya shiga. Binciken da mujallar Science ta buga a 2018 ya nuna cewa a Los Angeles, irin wannan tururi da fenti, gam, turare da makamantansu ke fitarwa ya kai na motoci.

To ina madara ta shigo? Abin da ka shaƙa huhu yake tafiya, ya shiga jini, ya isa ƙwaƙwalwa da hanta. Madara kuwa ciki take sauka. Kafin ka buɗe gwangwanin, gubar ta daɗe da zagaya jikinka. Jiri da ciwon kan da suka lafa da daddare, barin shagon ne ya lafar da su. Mafi muni, wanda ya yarda da madara sai ya daina kare kansa, ya ce ai yana da magani.

Malam, ka yi feshi a fili ko inda iska ke ratsawa. Ƙyalle da takunkumin asibiti ba sa tare tururi. Nemi mai matatar gawayi, ka riƙa canza matatar. Rufe gwangwani da zarar ka ɗiba. Kada ka wanke hannu da fetur, domin akwai benzene a ciki, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Kada yaro ya kwana a shagon fenti. Uwargida, kada ki kwantar da jariri a ɗakin da aka shafa wa fenti har sai warin ya fita. Kai kuma maigidan shago, yaran nan amana ce a hannunka. Kuɗin madarar nan ka tara ka saya musu takunkumi.