Tace Ruwan Akwatin Kifi a Gida

A Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi akwai magidanta masu ajiye kifi a gida, waɗansu cikin akwatin gilashi domin ƙawa, waɗansu kuwa cikin tankin siminti domin ci da sayarwa. Sau da yawa kifin yakan mutu a makonnin farko alhali ruwa na nan garau, sai mai shi ya ɗora laifi a kan wanda ya sayar masa. Galibi kuwa laifin yana ga mataci.

Dalili shi ne, kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya, haka kuma kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe. A kogi, kamar wanda ke zubowa a Matsirga, ruwa mai gudu ne ke kwashe ta. A akwati kuwa ba ta da mafita, ga shi ba ta da launi balle ido ya gan ta. Masu kawar da ita waɗansu ƙwayoyin halitta ne, watau bakteriya, waɗanda wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya bayyana aikinsu wajen 1890. Kashi ɗaya daga cikinsu yana juya amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce mai hana jinin kifi ɗaukar iska. Wani kashin kuma ya juya naitirait ta zama naitiret, mai sauƙin illa. Waɗannan ƙwayoyi a jikin abubuwa suke manne, ba yawo suke yi cikin ruwa ba. Saboda haka babban aikin mataci shi ne ya zame musu mazauni, ruwa mai iska yana ratsa su dare da rana.

To, akwati mai cin galan 100, watau wajen lita 450, yana bukatar famfon da zai zagaya da ruwan duka kamar sau huɗu cikin awa guda. Lalle ne a jera kayan tacewa bisa tsari. Da fari soso mai manyan ƙofofi, sa'an nan mai ƙanana, domin su tare datti. Wannan ya fi zama dole da damina, lokacin da jar ƙasa ke gurɓata ruwan rijiya da na rafi. Bayansu sai mazaunin ƙwayoyin, wanda ya kamata a ba shi wuri mafi girma: zobban yumɓu da ake sayarwa, ko fasassun tukwane marasa fenti, ko tsakuwa wankakkiya. Tsakuwar dutse irin na tsaunin Kagoro ba ta sauya ruwa. Amma farar ƙasa da ɓawon katantanwa suna narkewa su rage tsamin ruwa, amoniya kuwa ta fi dafi a ruwan da tsaminsa ya ragu. Gwajin ba wuya: a ɗiga ruwan tsami na kanti a kan dutsen, in ya yi kumfa a ajiye shi gefe.

Gawayi, wanda jama'a suka fi dogara da shi, shi ne mafi ƙarancin muhimmanci. Na musamman da ake sayarwa yana tsotse wari da launi da ragowar magani, amma yakan ƙoshi cikin wata guda. Na girki bai kai shi ƙarfi ba.

Sabon mataci yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin su wadatu, da hunturu ma ya fi haka, domin sanyi yana rage musu hayayyafa. Cikin wannan lokaci sai a sa kifi kaɗan, abinci ma kaɗan. Wanda ya sami tsohon soso daga akwatin da kifinsa ke lafiya ya rage wa kansa jira. Kada a wanke kayan matacin da sabulu ko da ruwan famfo mai sinadarin kulorin, gama yana kashe ƙwayoyin. A ɗauraye su cikin bokitin ruwan da aka ɗebo daga akwatin, kuma kada a sauya su duka rana ɗaya.

Sai batun wutar lantarki. Rufaffen mataci irin na gwangwani yana da kyau, amma in wuta ta ɗauke na sa'o'i da yawa iskar cikinsa takan ƙare, ƙwayoyin su fara mutuwa, sa'an nan wuta na dawowa ya juye ruɓaɓɓen ruwa a kan kifi. Inda wuta ba ta tsayawa, buɗaɗɗen mataci wanda ruwa ke yayyafowa ta samansa ya fi dacewa, tare da ƙaramin injin iska mai batir. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga saman ruwa, don haka ta fi karfasa jimiri, amma hakan bai tsare ta daga amoniya ba.

Naitiret kuwa mataci irin wannan ba ya kawar da ita. Sai dai a riƙa zubar da kashi ɗaya cikin biyar na ruwan kowane mako, a maye gurbinsa da wanda ya kwana a buɗaɗɗiyar randa. Tsohon ruwan taki ne, ana iya ba da shi ga alayyafo ko tumatir a lambun bayan gida.