Kafin A-Kori-Kura Ta Tsaya a Ƙofar Gida

A unguwannin 'yan haya na Kano, irin su Kurna, Hotoro, Sheka da Rijiyar Zaki, da wuya mako ya wuce ba ka ga a-kori-kura ta ɗauko katifa a sama, turmi a gefe, yaro a tsakiya yana rungume da fanka ba. Mai kallo daga bakin titi yakan ce yau su wane suke tashi. Ni da na girma a gidan ma'aikacin da ake yawan canza wa wurin aiki, na kuma yi aure a gidan haya, a wurina ranar mota ce mafi sauƙi. Tashi yana cikin makonnin da suka gabace ta.

Abin yakan fara da notis. A yawancin jihohin Najeriya, mai biyan haya shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata 6, mai biyan wata-wata kuma wata 1, sai dai in yarjejeniyar da aka sa wa hannu ta faɗi wani abu daban. Mutane da yawa sukan cinye wata biyar suna roƙon mai gida, sannan su nemi sabon wuri a cikin mako biyu. Wanda ke neman gida a guje, duk abin da dillali ya nuna masa kyakkyawa ne.

Dillali la'adarsa yake nema, ba laifinsa ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka a nemi wanda ya fita daga gidan, ko matar da ke maƙwabtaka, a tambaye su. A ɗaga kai a dubi silin, ko akwai tabon ruwa. A dubi gindin bango, domin damshi yakan bar layi ko an shafe shi da sabon fenti. In da hali a je bayan ruwan sama na watan Agusta, a ga ko lungun yana shiguwa. A leƙa rijiya, a ji nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka a unguwar. Sai maganar wuta. Wata maƙwabciyata ta tare da murnarta, mako bai cika ba aka kawo mata takardar bashin shekaru da mutanen baya suka bari. Kafin a biya kuɗin haya a duba mita, a ɗauki hotonta da waya, a rubuta a takarda wanda zai biya tsohon bashi.

Yanzu kaya. A nan ne aure yakan ɗan girgiza, domin maigida yakan dubi kwalla da langa da ba a taɓa buɗewa ba tun ranar jere, ya ce a zubar. Maigida, kayan ɗaki ba naka ba ne, iyayenta ne suka yi mata, wasu ma da bashi. Ka bar ta ta tace da kanta. Ke kuma uwargida, gaskiya ɗaya ce: abin da ya shekara uku a ƙarƙashin gado ba ki neme shi ba, biyan kuɗin motarsa asara ce. Dillaliya na nan, 'yan gwangwan na sayen tsohon ƙarfe, akwai kuma ƙannen da ake shirin aurarwa.

Iyayenmu sun fi mu sauƙin tashi. Gadon ƙarfe ne da adaka. A kwance, a ɗora, a sauke, ko kwarzane babu. Gado da sif na yanzu yawanci da matsattsen garin katako ake yin su. Suna da kyau a ido, amma ba sa son ruwa, ba sa son a kwance su sau da yawa, domin ramin noti yana buɗewa ya daina riƙo. Saboda haka kada a bar 'yan dako su kwance su da ƙarfi a safiyar tashi. A kira kafinta tun jajibiri, in an samu wanda ya haɗa su tun farko ya fi. Notinan kowane abu a zuba a leda daban, a manne ta da salatif a jikin katakonsa. Madubi a naɗe shi da bargo, ya yi tafiya a tsaye. In aka kwantar da shi, ramin titi ɗaya ya ishe shi.

Firji ma a tsaye, a kashe shi tun dare ya tsane, in an isa a bar shi sa'o'i kafin a jona, man injinsa ya koma mazauninsa. Janareta a juye masa fetur. Tukunyar gas a rufe ta sosai, kada a kwantar. Jarkar manja a sa leda a bakinta kafin a murɗa murfi, wanda ya taɓa wanke katifar da ta sha manja ya san dalili.

Kwali kuwa, masu shagunan unguwa da 'yan kasuwar Singa suna da shi. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce amma kullum ana saɓa ta: abu mai nauyi a ƙaramin kwali, mara nauyi a babba. Littattafai a kwalin taliya, ba a kwalin talabijin ba. Farantan tangaran a naɗe su da tsofaffin zannuwa a jera su a tsaye, sun fi jure girgiza. A rubuta a gefen kowane kwali abin da ke ciki da ɗakin da za shi. Tufafi sai jakar nan mai zanen dara da ta samo sunan Ghana Must Go a 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙi marasa takardu su fice, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka tattara nasu a cikinta. An yi ta don tashi, sai dai zif ɗinta ba ya yafe wa mai cusawa.

Akwai abin da ba ya hawa motar kaya: takardun makaranta, takardun haihuwa, katin rigakafin yara, rasit ɗin haya, da gwal. Waɗannan a jakar hannun uwargida, ko a kai su gidan 'yan'uwa tun kwana biyu kafin. Ba don 'yan dako ɓarayi ne ba. Don kada ɗan kunne ya faɗa bayan kujera a ɗauki alhakin bawan Allah. A ware kuma jakar daren farko: tabarma, buta, gidan sauro, tocila, caja, ashana, maganin yara da tukunya ɗaya.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso na tashi. A yi ciniki a fili: sawu-sawu ne ko jimla, wa zai sallami 'yan dako, kuma sun san bene ne? In lungu ne irin na cikin birni, a tanadi kura ko kurkura. A fara bayan sallar asuba. A guji tsakar ranar Juma'a da ake rufe tituna don salla, a kuma tuna cewa Asabar ɗin ƙarshen wata a Kano ta tsaftar muhalli ce, ba zirga-zirga sai ƙarfe 10 na safe.

Saura mutane. A biya mai shago da mai itace, a daidaita da uwar adashi, a sanar da malaman Islamiyya. A shiga gida-gida a yi sallama a nemi yafiya, har da wadda aka yi faɗan yara da ita. A sabon wuri maigida ya gabatar da kansa ga liman da mai unguwa. Gidaje da yawa kuma sukan sa a karanta Suratul Baƙara, a yi turare, a raba sadaka kafin a kwana.

Tsohon gidan a share shi, a toshe ramukan ƙusa, a kira mai gida ya zagaya da idonsa. Sannan a miƙa mukulli a gaban shaida, a karɓi takardar cewa ba ya bin ku komai.