Ramin ƙudan zuma a gindin katanga: gaskiya ko jita-jita?

Da zarar an ga ƙwari suna shige da fice a wani rami a gindin katanga ko a bakin gona, abin da ake fara cewa shi ne a kawo fetur. Kafin a ɗauko jarka, ya kamata a tace maganganun da ake yi a kansu, domin da yawa ba haka suke ba.

Ana cewa ƙudan zuma ba sa zama sai a amya ko kogon bishiya, don haka duk wanda ya fito daga ƙasa mugun ƙwaro ne. Wannan jita-jita ce. Nau'o'in ƙudan zuma da masana suka sani sun kai kimanin 20,000, kuma kusan kashi 70 cikin 100 a ƙasa suke gida. Galibinsu ba su da sarauniya, ba su da runduna. Mace ɗaya ce take haƙa raminta, ta dunƙula garin fure a ciki, ta saka ƙwai a kai, ta toshe. Idan ka duƙa ka duba, bakin ramin bai fi kaurin fensir ba, ga 'yar ƙasar da ta tono a gefe. Ramuka hamsin a wuri ɗaya ba gida ɗaya ba ne, maƙwabta ne da suka sami busasshiyar ƙasa mai rairayi. Ba su da zumar da za su tsare, shi ya sa ba sa bin mutum, sai dai in an damƙe mace a hannu ko an taka ta. Mazan da suke shawagi dab da ƙasa, waɗanda su suka fi firgita mutane, ba su da ƙari ko kaɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne asarar da manomi yake jawo wa kansa idan ya kashe su. Furen tumatir da na gauta sun fi sakin garinsu idan aka girgiza su, kuma ƙudan zuman amya ba su iya wannan aikin ba, amma wasu daga cikin na ƙasa sun iya. Dangin zanzaro masu haƙa rami kuwa fara da tsutsa suke kamowa su sumar, su ajiye wa 'ya'yansu. Idan sun takura maka a tsakar gida, ka riƙa jiƙa wurin ko ka shimfiɗa ciyawa. Ba sa son danshi, za su sauya wuri.

To amma wanda ya ce duk na ƙasa ba su da haɗari, shi ma bai faɗi daidai ba. Ƙudan zuman amya sukan tare a tsohon suri ko ramin da wata dabba ta bari, kuma na Afirka sun yi suna wajen zafin kare gida. A Turai da Amurka akwai rina mai ratsin baƙi da rawaya da take cika ramin ɓera da dubban 'ya'ya. Alamar irin wannan gida mai haɗari ita ce ƙofa ɗaya, ana shiga ana fita ba ƙaƙƙautawa. Wannan kam a janye yara, a kwance dabbobin da aka ɗaure kusa, a kira mai kiwon zuma da hayaƙinsa da rigar kariya.

Fetur ba magani ba ne. Yana gurɓata ƙasa, yana iya tsiyaya zuwa rijiya, kuma a lokacin hunturu ashana ɗaya ta isa ta cinye rumbu. Idan kuma suka biyo ka, faɗawa ruwa ba dabara ba ce, suna nan suna jiran ka ɗago. Ka rufe fuska ka ruga, ka shige ɗaki ko mota ka rufe.

Batun cewa duk wadda ta yi harbi mutuwa take yi, gaskiya ne ga ƙudan zuman amya, domin ƙarinsu yakan maƙale a fata. Rina kuwa tana iya maimaitawa. A cire ƙarin nan take, ko da farce ne, saboda dafi yana ci gaba da shiga muddin yana nan. Idan leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, ko jiri ya kama mutum, kada a tsaya shafe-shafe a gida. A garzaya da shi asibiti, allurar adirenalin yake buƙata.