Hoton Ciki da Neman Sababin Jinkirin Haihuwa

Tun daga shekarar 1958, sa'ad da Likita Ian Donald da abokan aikinsa na birnin Glasgow suka bayyana cewa ana iya duba cikin mace da sauti ba tare da an tsaga ta ba, likitancin mata ya sami wata kafa wadda magabata ba su sani ba. Na'urar nan da jama'a ke kira sikanin tana aika sautin da kunnen ɗan Adam bai isa ya ji ba, ya bugi gaɓoɓin ciki ya komo, amsa-kuwwarsa ta zama hoto a kan allo. Kuma da yake ba irin hasken hoton ƙashi ke cikinta ba, ana maimaita ta ba da fargaba ba.

To, a cikin wannan maimaitawa fa'idarta take ga matar da ta shekara a ɗakin miji rabo bai zo ba, domin hoto guda ba ya isa hujja. Tsakanin kwana na 2 da na 5 na haila likita yakan ƙirga 'yan jakunkunan da ƙwai ke kwance a ciki, ya ƙiyasta abin da ya rage mata. Sa'an nan daga wajen kwana na 10 ta riƙa komowa bayan kwana bibbiyu, ana auna jakar da ta shige gaba, wadda ke ƙaruwa da kimanin milimita 2 kowace rana, har ta kai 18 ko fiye, alhali shimfiɗar mahaifa tana ƙara kauri don karɓar baƙo. Ranar da aka ga jakar ta moɗe, ɗan ruwa ya taru a bayan mahaifa, an sami alamar cewa ƙwai ya fita. Wadda ke shan maganin nunar da ƙwai, irin su clomiphene, ta fi kowa bukatar wannan lura, gama in jakunkuna da yawa suka nuna lokaci guda, likita mai hankali yakan dakatar da neman cikin wannan wata.

Hoton da ake ɗauka ta gaba ya fi na kan mara fitowa sarai, ko da yake kunya kan hana mata da yawa amincewa. Neman likita mace halal ne, kuma ya fi fasawa. Ta wannan hoto kuma ake ganin ƙarin mahaifa, wanda ya yawaita ga matan Afirka.

Amma na'urar tana da haddi. Hanyoyin ƙwai, waɗanda ciwon sanyi ko cuta bayan haihuwa kan toshe, ba sa bayyana sai an ɗura ruwa na musamman ta bakin mahaifa. Game da maigida kuwa hoton cikin mace ba ya cewa uffan, alhali masana sun tabbatar cewa a kusan rabin gidajen da abin ya shafa akwai sababi daga gare shi, kuma awon maniyyinsa ba ya bukatar kome illa ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin ya je asibiti.