Yaron da Ke Toshe Kunne da Maganin da Ke Cikin Wasa

A gidan biki, ana kunna lasifika sai ka ga wani yaro ya toshe kunnuwa ya fashe da kuka. Wani ba ya yarda a yi masa aski, ko ya ƙi duk abinci mai yauƙi irin miyar kuɓewa. Wani kuwa ba ya iya zama wuri ɗaya a aji, kullum tsalle-tsalle. Manya ba sa jinkirin yanke hukunci: taurin kai ne, sangarta ce, ko a ce iska ce. Daga nan sai bulala.

Wata Ba'amurkiya mai suna Jean Ayres ta dubi irin waɗannan yara da wani ido daban. Sana'arta ita ce horar da masu lalura su iya ayyukan yau da kullum, ta kuma yi aiki a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. A littafinta na 1972 ta yi bayanin cewa ƙwaƙwalwa tana tace saƙonnin da jiki ke aiko mata ta tsara su, kuma a wurin wasu yara tacewar ba ta tafiya daidai. Ƙarar da ba ta dame ka ba, azaba ce ga irin wannan yaro. Ba gani da ji da taɓawa kaɗai ake nufi ba. A can cikin kunne akwai sashen da ke sanar da mutum ko a tsaye yake ko ya karkata, tsokoki da gaɓoɓi kuma suna gaya wa ƙwaƙwalwa inda hannu da ƙafa suke. Yaron da waɗannan saƙonni ba sa isa masa sosai, shi ne mai neman su da gudu da karo. An fi ganin haka ga masu lalurar otizim, amma ba su kaɗai ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗakin da ƙwararrun da ke bin hanyar Ayres ke aiki da irin waɗannan yara. Ba allura, ba ƙwaya. Lilo ne, da katifu, da manyan ƙwallaye, da kwanon yashi ko wake da aka ɓoye ƙananan kayan wasa a ciki. Yaro ne ke zaɓar wasan, ƙwararren kuma yana ƙara masa wuya kaɗan-kaɗan, daidai yadda zai iya ba tare da ya firgita ba. Mai ƙyamar taɓa abu mai danƙo zai fara da sanda, sannan yatsa ɗaya, har ranar da zai sa hannu cikin tuwo da kansa. Langa da carabke da ginin ƙasa da 'ya'yanmu ke yi a tsakar gida suna motsa waɗannan sassa na jiki, shi ya sa nake jin ciwo idan na ga an maye gurbinsu da waya.

Sai dai a yi hattara. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ja hankali cewa hujjojin amfanin wannan hanya ba su da yawa tukuna, ta kuma shawarci iyaye su sa wa'adi su auna ko ana samun ci gaba. Don haka kafin a fara, uwa ta tambayi ƙwararren abin da ake son cimmawa: yaron ya iya ɓalla maɓallin rigarsa, ya riƙe fensir, ko ya zauna a yi masa aski ba kokawa. In wa'adin ya cika ba a ga canji ba, a sake shawara, a kuma kai shi likita ya duba ji da ganinsa.