Sabon Majigi A Birnin Faris, Da Kayan Gadon Taraba Da Ke Hannun Baƙi

A birnin Faris na ƙasar Faransa akwai wata tsohuwar maƙera da aka kafa a 1835 don narka ƙarfe. A watan Afrilu na 1918 da ɗari, watau 2018, wani kamfani mai suna Culturespaces ya buɗe ta a matsayin gidan kallo, ya raɗa mata suna Atelier des Lumières. Ba a rataye ko zane ɗaya a ciki ba. Na'urorin majigi 140 ne ke haska hotuna a jikin bango mai tsayin mita 10, har da daɓen da mutum ke takawa, ga kuma kiɗa na fita daga lasifika.

A 2019 aka nuna ayyukan Vincent van Gogh a wurin, mutumin Holan da aka haifa a 1853, ya mutu a 1890 yana ɗan shekara 37, cikin talauci. Mai kallo yakan shiga cikin duhu, ba kujerar da aka ba shi, sai ya zaga yadda ya ga dama. Can sai gonar alkama ta buɗe masa ta ko'ina, hankaki su tashi, taurari su riƙa juyawa bisa kansa. Shi kuwa ainihin zanen taurarin, wanda Van Gogh ya yi a 1889 yana kwance a asibitin masu taɓin hankali, yana New York, kuma faɗinsa bai kai mita ɗaya ba.

Masana zane da yawa ba su yi na'am da abin ba, kuma suna da hujja. Van Gogh yakan lafta fenti da kauri har ya yi tudu, shi kuwa haske ba ya da tudu. Amma dai dubun dubatan mutanen da ba su taɓa leƙa gidan kayan tarihi ba sun san sunansa ta wannan hanya.

Duk dattijon da ya tashi a Arewa ya san tushen abin. Zamanin Turawa motar majigi kan shigo gari da almuru, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna wa jama'a tsafta da noma kyauta. Yau ma a unguwar Sintali ta Jalingo, kamar sauran unguwannin Arewa, matasa sun saba taruwa a gidan kallon ƙwallo, janareta na ruri a waje. Masu kallo dai akwai su. Sauran magana ita ce me za a nuna musu.

To, jihar Taraba ba ta rasa abin nunawa ba, sai dai mafi kyawunsa ba ya gida. Mumuye na ƙasar Zing da Yorro, maƙwabtan Jalingo na kusa, sun shahara wajen sassaƙa mutum-mutumin itace masu dogon wuya da hannaye a lanƙwashe. A ƙarshen shekarun 1960, lokacin da hankalin ƙasa ke kan yaƙin basasa, dillalai suka yi ta kwasarsu, da yawa ta kan iyakar Kamaru, zuwa kasuwannin Turai. A 2011 gidan kayan tarihi na Fowler da ke Los Angeles ya shirya babban nuni na kayan kwarin Binuwai, sama da guda 150, ciki har da na Mumuye da Jukun da Chamba. Nunin ya je Washington da Stanford, ya ƙare a Faris a farkon 2013. Bai zo Nijeriya ba.

Watau ɗan makaranta a Sintali, wanda wataƙila kakansa ne ya riƙe gizagon, bai taɓa sa ido a kan abin da Bafaranshe ya biya kuɗi ya kalla ba. Ba sai an sayi majigi 140 ba. Zaure ɗaya, da 'yan na'urori, da hotuna masu kyau daga gidajen da ke riƙe da kayan, sun isa a soma. Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a Jalingo a 2008, tana da gurbin da za ta ɗauki wannan aiki, 'yan jihar mazauna Ikko da Badun da Fatakwal kuma suna da ƙungiyoyin da suka saba tara gudunmawa.

Sai dai a yi hattara, kada hoto ya zama madadin kaya, masu riƙe da su su ce ai kun gani, shi ke nan. Mutanen Bini ba su karɓi hoto ba. Sun yi shekaru suna neman tagullarsu da sojan Ingila suka kwashe a 1897, har Jamus ta soma mayarwa a 2022, Holan kuma ta dawo da guda 119 a 2025.