Tayar Keke a Ƙasar Gezawa: Tsakanin Gudu da Ƙarko

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya yi sammako ya tsaya a bakin titin da ya taso daga Kano ya ratsa Jogana ya nufi Gezawa, zai tabbata cewa keke bai tsufa ba a wannan ƙasa. Ga ɗan makaranta da jakar littattafansa a kariya, ga malamin firamare yana sauri kada a kaɗa ƙararrawa bai isa ba, ga kuma manomi ya ɗaure buhun gero ya doshi kasuwa. Tun daga ran 29 ga watan Mayu na 2023, lokacin da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, mutane da yawa kuma, har da ma'aikatan gwamnati, suka kakkaɓe ƙurar kekunan da suka daɗe a jingine.

To, amma keke, kome kyansa, a kan taya yake tafiya. Wanda ya yi kuskuren zaɓenta, ya sayi wahala da kuɗinsa: kullum yana gindin mai faci, ko kuwa yana tura keke a ƙasa cikin rana, ga makara wurin aiki, ga asarar ɗan abin da ya rage na albashi.

Hanya Uku a Tafiya Ɗaya

Abin da ya sa zaɓen taya ke da wuya a nan shi ne yanayin ƙasar kanta. Gezawa tana cikin yankin nan da ya kewaye birnin Kano, inda jama'a suka yi yawa, gona na jingine da gona, ana kuwa noma kowacce duk shekara. Masanin nan Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin wannan yanki tun daga wajen 1960, ƙauyen Tumbau ma yana cikin wuraren da aka yi binciken. Tun da ba a bar fili a banza ba, hanyoyin da suka haɗa ƙauyuka kamar Wangara da Babawa da Ketawa yawanci burtali ne ko ƴar siririyar hanya tsakanin gonaki.

Saboda haka mai keke yakan bi hanya iri uku a tafiya ɗaya. Da fari rairayi, wanda ke riƙe ƙafar keke kamar ana ja da baya. Sa'an nan ƙaya: ta gawo da ta aduwa da ta bagaruwa, da kuma tsidau da ke kwance a ƙasa ba a ganinsa sai ya yi ɓarna. Daga ƙarshe kwalta, wadda da rana ta take ɗaukar zafi tana cin roba. Idan damina ta sauka kuma, sai taɓo ya zama na huɗu.

Ba A Samun Biyu Gaba Ɗaya

Tayar keke da ake hura wa iska ta samo asali ne a 1888, lokacin da wani likitan dabbobi a birnin Belfast, John Boyd Dunlop, ya yi wa keken ɗansa ita. A 1891 kuma kamfanin Michelin na Faransa ya fito da wadda ake iya cirewa a yi mata faci a mayar. Tun daga wancan zamani har yau masu ƙera taya suna fama da matsala guda: abin da ke sa taya gudu, shi ne ke rage mata ƙarko.

Ga yadda abin yake. Duk inda taya ta taɓa ƙasa takan ɗan lotsa, ta kuma miƙe bayan ta wuce. Wannan lotsawa da miƙewa suna cinye wani kaso na ƙarfin mai tuƙi, su mai da shi zafi. Taya mai sirantar jiki da santsin fuska ba ta cin ƙarfi da yawa, amma ƙaya ba ta shan wuyar huda ta. Mai kauri kuwa takan tare ƙaya, sai dai tana da nauyi, tana kuma gajiyar da gwiwa. Haka nan roba mai taushi ta fi kama ƙasa, amma ta fi saurin suɗewa; mai tauri ta fi daɗewa, amma tana zamewa a jiƙaƙƙen wuri. Duk ɗan tiredar da ya ce tayarsa ta haɗa duka, ciniki kawai yake nema.

Kekunan hawan dutse, waɗanda aka fara ƙerawa a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, yanzu sun cika kasuwanninmu a matsayin na hannu. Samari suna sha'awar tayoyinsu masu manyan haƙora. Amma an yi waɗannan haƙora ne domin gangaren dutse da taɓo. A kan kwalta ba su da wani amfani sai gurnani da jan ƙafa, kuma nan da nan suke cinyewa. Abin da ke da amfani a tayar irin wannan keke shi ne faɗinta, watau inci 2 ko fiye, domin taya mai faɗi takan bi ta saman rairayi, siririya kuwa sai ta nutse. Don haka wanda rabin hanyarsa kwalta ce, rabi burtali, ya nemi mai faɗi wadda tsakiyarta ke da ƙananan zane a haɗe, haƙoran kuma suna gefe, inda za su yi aiki wajen shan kwana.

Gaba Daban, Baya Daban

Ba dole ba ne ƙafafun keke biyu su sa taya iri ɗaya, gama aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta baya ita ke ɗauke da mafi yawan nauyin mahayi, ita ke tura keken, a kanta kuma buhu yake zama. Shi ya sa take riga ta gaba suɗewa, ta kuma fi ta yawan faci. Ta gaba ita ke riƙe da hanya. In ta zame ko ta fashe ana cikin gudu, faɗuwa ce ba makawa.

Ke nan, a sa mai kauri da taurin roba a baya, a sa mai kama ƙasa a gaba. Al'adar nan ta mai da tsohuwar tayar baya gaba don tsimi kuskure ce babba. In ta baya ta mutu, alhali kuɗin taya ɗaya ne a hannu, gara a mai da ta gaba baya, a sa sabuwar a gaba.

A Karanta Lambar Jikin Taya

Wani tarkon da mutane ke faɗawa shi ne na awo. Tsohon kekenmu na gado, irin su Raleigh da Phoenix, yana amfani da taya mai lamba 28 x 1½. Amma yawancin kekunan hannu da ake kawowa daga Turai, ko da an rubuta 28 a jikin tayarsu, ba girmansu ɗaya da namu ba. Gaskiyar awon tana cikin wata lamba ta biyu da ke gefen taya, wadda ke nuna faɗin rim da milimita: 635 ga keken gado, 622 ga na Turai. Bambancin milimita 13 ne kacal, amma ya isa ya hana taya shiga. Haka yake ga masu lamba 26: ta keken dutse 559 ce, ta 26 x 1⅜ kuwa 590. Mai hankali yakan rubuta lambar tsohuwar tayarsa, ko ya tafi da ita kasuwa.

A lura kuma, tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, harkar taya a Nijeriya ta dogara ne ga kayan waje, masu kyau da marasa kyau a gauraye. Wajibi ne mai saye ya lanƙwasa tayar da hannunsa. In ya ga ƙananan tsagu a gefenta, ta daɗe a ajiye, robar ta bushe. Ya shafa cikinta, ya duba wayar bakinta ko ta karye. Araha dai ba ta ado, wanda kuwa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Iska Ita Ce Rabin Taya

Bayan duk wannan, abin da ya fi kashe taya ba ƙaya ba ce, rashin kula da iska ne. In iska ta yi kaɗan, gefen taya yakan tsattsage, rim kuma ya datse robar ciki duk sa'ad da aka faɗa rami. Alamarsa ita ce huji biyu kusa da juna kamar saran maciji. In ta yi yawa, keke ya riƙa tsalle a kan gargada yana nutsewa a rairayi. Masu ƙera taya suna rubuta iyakar iskar a gefenta. A ƙara wa ta baya in za a ɗauki kaya, a ɗan rage in tafiyar ta rairayi ce, a kuma latsa da babban yatsa kowace safiya kafin a hau. Kada a bar keke a tsakiyar rana in akwai inuwa. In an yi faci, a laluba cikin taya a zare ƙayar, in ba haka ba gobe ma sai an dawo.

Muna kira ga shugabannin makarantu da na ofisoshi a ƙaramar hukumar Gezawa da su tanadi famfo guda da rumfar ajiye kekuna. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma za su rage makarar ɗalibai da ma'aikata. Shi kuwa mai keke, kafin ya tambayi farashin taya, ya fara tambayar kansa: wace hanya nake bi, me kuma nake ɗauka? Amsar nan ita za ta zaɓa masa taya.